Yadda Ake Shigar da Hanyoyin Ƙafa da Wuraren Shaƙatawa Cikin Taswirar Ƙasa

Taswirar yanayin ƙasa, wato wadda hukumar awon ƙasa take bugawa ɗauke da tuddai da kwaruruka da koguna da tituna, tana da wani kwarjini da sauran taswirori ba su da shi. Duk abin da aka zana a kanta, mutane gaskiya suke ɗaukarsa. Mai yawon daji da ya ga layin turba a jikinta zai bi shi ko da magariba ta kawo jiki, domin ya yi imani hukuma ba za ta zana abin da babu ba. Masu aikin ceto ma da ita suke tsara inda za su fara neman wanda ya ɓace. Saboda haka duk layin da za ka ƙara sai ya amsa tambaya uku: wa ke da hanyar, an yarda jama'a su bi ta, kuma yaushe aka ga ta da ido na ƙarshe? Yawo da na'urar GPS, wanda kowa ya fi ɗoki a kai, shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Hukumar awon ƙasarta, USGS, ta shafe gomman shekaru tana tura ma'aikata suna taka ƙasa da ƙafarsu, har ta kammala taswirorinta masu sikelin 1:24,000 a 1992, kimanin shafi 55,000. A 2009 ta fito da sabon salo mai suna US Topo, wanda kwamfuta ke haɗawa daga rumbunan bayanai. Tituna sun fito, koguna sun fito, layukan tudu masu nuna tsayin ƙasa sun fito, amma hanyoyin ƙafa da ke kan tsofaffin taswirori suka yi ɓatan dabo, domin babu wani rumbu guda da ya tattara su a faɗin ƙasar. Dole aka koma ana bin hukumomin gandun daji da na jihohi da ƙungiyoyin masu tafiyar ƙafa da masu keken dutse, ana karɓar bayanansu ana tantancewa, ana shigarwa kaɗan-kaɗan. Matakan da ke tafe na wanda zai yi irin wannan aiki ne, ko ma'aikacin hukuma ne, ko mai kula da gandun daji, ko ɗan ƙungiyar sa-kai.

Mataki na 1: Karanta ƙa'idar hukumar kafin ka ɗaura takalmi

Kowace hukumar taswira tana da kundin da ke fayyace abin da ake sakawa, da alamar da ake ba shi, da iyakar kuskuren da za a lamunta. Nemo shi ka karanta. Fara da sikeli. A taswirar 1:25,000, milimita ɗaya a takarda mita 25 ce a ƙasa, santimita 4 kuma kilomita ɗaya. A 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce. Ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1947 ta ce a irin wannan sikeli, kashi 90 cikin 100 na fitattun wuraren da aka gwada kada su kauce fiye da ɗaya bisa 50 na inci a takarda, wanda a 1:24,000 ya kama ƙafa 40, kimanin mita 12.

Wannan ya nuna ba sai ka sayi kayan safiyo masu auna santimita ba kafin ka auna turba. Sai dai bayanan da ka tara za su fi shafin taswirar tsawon rai, za a sa su a waya da intanet inda mutum ke zuƙo hoto yadda ya so, don haka ka auna fiye da abin da takarda ke buƙata.

Mataki na 2: Nemo mai hanyar, ka san ko an yarda a bi

A nan aka fi yin tuntuɓe. Hanya tana iya kasancewa a ƙasa, fes, an tattake ta shekara da shekaru, amma ta ratsa filin wani da bai taɓa ba da izini ba. Wata kuma doka ta ba kowa damar bi, amma ciyawa ta rufe ta har ba a ganin alamarta. Kasancewar hanya daban, izinin wucewa daban, kuma tilas taswira ta bambanta su.

Ingila da Wales sun daɗe da warware wannan. Wata doka ta 1949 ta ɗora wa majalisun yankuna alhakin ajiye taswirar hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi, wadda ita ce hujja a gaban shari'a. Hukumar Ordnance Survey daga can take ɗauko su, ta zana su da kore a jerin taswirorinta na Explorer masu sikelin 1:25,000, da launin ja mai haske a jerin Landranger masu 1:50,000. Turbar da kawai ake gani a ƙasa kuwa da baƙin layi mai tsinke-tsinke ake zana ta, sannan a gefen takardar akwai gargaɗin cewa ganin hanya a taswira ba hujja ba ce ta haƙƙin wucewa. Ko ƙasarka ba ta da irin wannan doka, tsarin ya cancanci koyi: alama ɗaya ga abin da ido ya gani, wata ga abin da aka halatta.

Abin yi a aikace shi ne ka ɗora layin hanyar a kan taswirar mallakar filaye, ka lura da duk inda ta fita daga hannun wani ta shiga hannun wani. Kowane yanki ka nemi mai kula da shi, ka karɓi amsa a rubuce. Kada ka wadatu da "ai kowa na bi". Ka tambayi su waye aka yarda su bi: masu ƙafa kaɗai, ko har da keke, doki, babur? Ana rufe ta a wani lokaci na shekara? Izinin na dindindin ne ko mai filin yana iya janyewa gobe?

Sai kuma hanyoyin da mutane suka yanka da kansu don rage nisa, waɗanda masu kula da daji suke fama su rufe saboda zaizayar ƙasa. A ganina a auna su a ajiye a rumbun bayanai domin amfanin masu ceto, amma kada a buga su a taswirar jama'a. Da zarar layi ya fito a taswirar hukuma, ƙafafu za su ninka a kansa, mai ƙoƙarin rufe shi kuma ya shiga uku.

Mataki na 3: Tattara abin da ke akwai, ka duba lasisinsa

Kafin ka fita, tambayi hukumomin gandun daji, ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin masu hawan dutse da masu gasar gudu a daji. Sau da yawa wani ya riga ya auna rabin abin da kake nema. Tsofaffin taswirori ma suna da amfani wajen nuna inda za a duba, amma kada a kwafi layinsu kai tsaye.

Hattara da haƙƙin mallaka. OpenStreetMap, shirin taswirar intanet da aka kafa a 2004, yana cike da hanyoyin ƙafa da 'yan sa-kai suka zana, amma tun 2012 bayanansa suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya shardanta a ambaci tushe, kuma rumbun da aka gina da su aka fitar wa jama'a shi ma ya fita da sharaɗi iri ɗaya. Hukumar da ke sakin bayananta ba tare da wani sharaɗi ba, kamar yadda gwamnatin tarayyar Amurka ke yi, ba za ta iya zuba su cikin rumbunta haka nan ba. Taswirorin kamfanoni irin su Google Maps kuwa ƙa'idojinsu sun hana kwafa. Duk wanda ya ba ka bayanai, ya ba ka tare da takardar izinin bugawa da rabawa.

Mataki na 4: Tsara teburin bayanai tun kana gida

Layi ba tare da bayani ba zane ne kawai. Ga kowane yankin hanya a tanadi gurbin suna, lamba idan akwai, hukumar da ke kula da ita, masu izinin bi, irin daɓen hanyar, faɗinta, matakin wahala, lokacin buɗewa, yadda aka auna, da ranar da aka auna. Kowane yanki a ba shi lambar shaida wadda ba za ta canza ba ko an canza sunan hanyar. A ƙayyade amsoshin da za a zaɓa, kada kowa ya rubuta son ransa, in ba haka ba wannan zai rubuta "tsakuwa", wancan "duwatsu", na uku "marmara", alhali abu ɗaya suke nufi.

Wajen matakin wahala, kada ka ƙirƙiro naka ma'auni in akwai wanda aka saba da shi. Suwizalan, mai hanyoyin ƙafa masu alama kusan kilomita 65,000, ta raba su gida uku da fenti: rawaya ga hanyar kowa da kowa, fari-ja-fari ga hanyar tsauni, fari-shuɗi-fari ga ta ƙwararru, ga kuma ma'aunin ƙungiyar masu hawan dutse ta ƙasar daga T1 zuwa T6. Abin da ya sa tsarin ke aiki shi ne launin da ke kan dutse ya dace da abin da ke kan taswira. Mutum ya ga alama a ƙasa, ya dubi takarda, ya san inda yake.

Mataki na 5: Fita fili

Tun da Amurka ta daina gurɓata siginar GPS ta farar hula da gangan a watan Mayun 2000, ƙaramar na'urar hannu ko wayar zamani tana iya nuna wuri da kuskuren kimanin mita 5 a buɗaɗɗen fili. A ƙarƙashin manyan bishiyoyi ko cikin kwazazzabo abin yakan lalace sosai, saboda sigina na bugun dutse ta dawo kafin ta iso na'urar. Na'urar da ke kama taurarin ɗan'adam na tsari fiye da ɗaya, kamar Galileo na Turai da GLONASS na Rasha, ta fi jure irin waɗannan wurare.

Kunna na'urar a bakin hanya, ka bar ta 'yan mintuna a sarari har lambar kuskuren da take nunawa ta daidaita. Saita ta ta riƙa ɗaukar ɗigo kowace daƙiƙa, ko kowane 'yan mitoci. Kada ka jefa ta aljihun wando ko ƙasan jaka, jikinka zai tare mata rabin sama. Ɗaure ta a maɗaurin kafaɗa tana kallon sama. Yi tafiya a tsakiyar turbar, ba gaggawa, musamman a kwana. In za ka tsaya shan ruwa ko ka ratse gefe, dakatar da ɗaukar. Na'urar da aka bari a kunne mutum na zaune ba ta san ya tsaya ba, sai ta yi ta zuba ɗigo hagu da dama, in ka koma gida ka tarar da wurin kamar zaren da yaro ya cukurkuɗe, tsawon hanyar kuma ya ƙaru da abin da ba ka taka ba.

Bi hanyar zuwa da dawowa, in da hali a sa'o'i daban-daban, domin taurarin suna sauya matsayi a sama, kuskuren safe ba shi ne na yamma ba. Layi biyu da suka hau kan juna shaida ne. Inda suka rabu da nisa, nan ne za ka sake dubawa.

A kowace mararraba, gada, mashigin ruwa, ƙofa, shinge da allon nuni, tsaya ka ɗauki ɗigo na musamman. Yawancin na'urori suna da hanyar tara awo da yawa a wuri guda su fitar da matsakaici, yi amfani da ita na minti ɗaya ko biyu. Ɗauki hoto, ka rubuta inda ka fuskanta. Ga irin bayanin da ke da amfani: "Mararraba, reshen hagu ya gangara rafi, an tare shi da itatuwa, allon ya ce an rufe, na dama shi ne babbar hanya, gadar katako mita 40 a gaba, allunan biyu sun karye." Bayan wata uku, wannan jimla ta fi ƙwaƙwalwarka amfani nesa ba kusa ba. Littafi da fensir ma ka riƙe, batir ba ya shawara kafin ya mutu.

Tsayin da GPS ke nunawa kuwa kada ka dogara da shi, kuskurensa ya fi na kwance yawa. Daga bayanan tsayin ƙasa na hukumar za ka ɗauki wannan daga baya. Sannan ka tuna lokacin da ka je. Rafin da ka tsallake da taku ɗaya da rani yana iya cin mutum bayan ruwan sama, saboda haka ka tambayi masu kula da wurin, ka rubuta.

Mataki na 6: Daidaita tushen awo

Gajeren mataki ne, amma tsallake shi kan ɓata aikin gaba ɗaya. GPS yana ba da wuri bisa tsarin WGS84, alhali taswirar ƙasa tana iya kasancewa a kan wani tushen awo dabam, wato wani ma'aunin siffar duniya da ake lissafa wuri a kansa. A Birtaniya bambancin WGS84 da OSGB36, tushen awon taswirar ƙasar, yakan kai mita 100 ko fiye. A Amurka tsakanin tsohon NAD27 da NAD83 akwai tazarar gomman mitoci. Alamar wannan ciwo a bayyane take: siffar hanyar daidai, amma duk ta gusa gefe guda da tazara iri ɗaya. In ka ga haka kada ka ja layin da hannu, koma ka gyara tsarin da dabarar sauyawa da hukumar ta amince da ita. Wajen auna tsawo kuma yi aiki a tsarin da ke lissafi da mita, kamar UTM da ya raba duniya shiyya 60 masu faɗin digiri 6, ko tsarin layukan ƙasar.

Mataki na 7: Gyara a kwamfuta

Ajiye ainihin fayil ɗin GPX, wanda na'urar ta adana layin tafiyarka a ciki, a gefe, kada ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi. Manhajar QGIS kyauta ce kuma ta wadatar. Buɗe layukan zuwa da dawowa a kan hoton sama da aka daidaita, ka zana sabon layi guda mai tsabta. Inda hanyar ke fitowa a hoto, bi hoton. Inda bishiyoyi suka rufe, bi tsakiyar layukan GPS. Idan ƙasar tana da bayanan lida, wato awon ƙasa da hasken leza daga jirgin sama, kamar wanda shirin 3DEP ke tarawa a Amurka, to ka dace: hasken yana ratsa tsakanin ganye, a hoton inuwar tudu da aka yi da shi sau da yawa turbar da aka sare a gefen dutse tana fitowa kamar siririn tsagi.

Yanka layin a kowace mararraba da duk inda wani bayani ya canza, misali inda aka daina barin keke. Tabbatar bakin kowane yanki ya manne da na gaba daram. Giɓin rabin mita ido ba ya gani, amma manhajar da ke lissafa wa mutum hanya za ta ɗauka babu wucewa, ta zagaya da shi ta wani kwari. Haka nan hanyar ta manne da titin mota a inda ta faro.

A kan iyakar hukumomi biyu a kula da kyau. Kowace takan auna hanyar har ta ɗan zarce iyakarta, sai a samu layi biyu a jere, ko kuma kowace ta tsaya kafin iyaka a bar rami. Zaɓi wanda aka fi auna da kyau, ka rubuta dalilin zaɓin. Doguwar hanya irin Appalachian Trail, mai kusan kilomita 3,500 a jihohi 14 na Amurka, tana ratsa shafukan taswira masu yawa, kuma a kowane baki sai layin ya haɗu da ɗan'uwansa.

Daga nan gwada layin da sauran abubuwan da ke taswirar. Hanyar da a ƙasa ta tsallake rafi sau ɗaya, kada a takarda ta tsallake shi sau biyar don kawai layukan biyu suna kusa. Gadar ta zauna a kan ruwan, ba a gefensa ba. Duba layukan tudu ma. Idan tazarar tsayinsu mita 10 ce, kuma a takardar 1:25,000 milimita 2 ne tsakanin layi da layi, to hawan mita 10 ne a cikin mita 50, wato kashi 20 cikin 100. Turbar da ka taka ka ji ta a shimfiɗe ba hawa amma a allo tana yanka layukan tudu a jere, ta zame daga wurinta, ko dai naka awon ko na tudun akwai mai kuskure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai amfani da taswirar, domin da layukan nan yake lissafin lokacinsa. Tsohuwar ƙa'idar William Naismith ta 1892 tana ba da awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600.

Mataki na 8: Wuraren shaƙatawa, da abin da ba a sakawa

Mafarin hanya, wurin ajiye mota, sansanin kwana, rumfar fakewa, wurin hangen nesa, mashigin kwale-kwale, banɗaki, ruwan sha: yawancinsu ɗigo ne. Matsalar ita ce ina za a sa ɗigon. Ga sansani mai faɗi, sa shi a ƙofar shiga, domin ita baƙo ke nema da daddare, ka zana iyakar wurin daban in sikeli ya ba da dama. Duk abin da ba zai kai shekarun da taswirar za ta yi a hannun mutane ba, kamar rumfar mai sayar da abinci ko tantin wucin gadi, a bar shi.

Alamar ruwan sha ita ce na fi tsoro. Mutum yakan rage ruwan da zai ɗauka saboda ya ga alamar a gaba. Kada ka sa ta sai mai kula da wurin ya tabbatar ruwan na zuwa duk shekara. Idon ruwan da ke ƙafewa a ba shi alamar mai ƙafewa.

Akwai kuma abin da ake gani a ɓoye da gangan: kufai da wuraren tarihi da ɓarayin kayan tarihi ke nema, kaburbura da wuraren ibadar mutanen yankin, sheƙar tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, bakin kogo. Amurka tana da dokar 1988 da ta ba da damar ɓoye wurin muhimman koguna na dutse da ke filayen gwamnatin tarayya. Wani lokaci hanyar kanta ce ke tona asiri, in ta miƙe ta tsaya cak a inda babu komai a taswira. A farkon 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, mai nuna inda masu amfani da ita suka fi bi, ta fallasa siffar wasu sansanonin soja ba tare da kowa ya yi niyya ba. Kafin bugawa, a zauna da masu kula da wurin da al'ummar da ke kewaye a ji abin da ba su so ya fito.

Mataki na 9: Zane a takarda

Turba mai faɗin mita ɗaya, in aka zana ta da layin milimita 0.3 a 1:25,000, ta ci mita 7.5. Alamar sansani mai milimita 3 ta rufe mita 75. Saboda haka a matsattsen kwari inda rafi da titi da turba suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba za su shiga ba sai wani ya matsa. Bar rafi da layukan tudu a inda suke, ka ɗan tura turbar, amma ta tsaya a ɓangaren da take na gaskiya. Wanda ke tafe rafi na hannun damansa dole ya ga haka a takarda. Turawar a kwafin zane kaɗai za a yi ta, layin da ke rumbun bayanai ya tsaya a wurinsa na ainihi.

Hanyar da ke hawa tsauni da lanƙwasa tana da nata rikicin. In tsakanin lanƙwasa da lanƙwasa mita 15 ne, a 1:50,000 milimita 0.3 ke nan, tawada za ta haɗe. A rage yawansu, a bar kaɗan da za su shaida wa mai karatu cewa hawan lanƙwasa ne. Dabarar rage ɗigo ta Douglas da Peucker, ta 1973, tana cikin kusan kowace manhaja kuma tana da amfani, amma in aka sake mata da yawa sai ta miƙar da lanƙwasar, ta nuna kamar hanyar ta haura dutsen kai tsaye. Duba irin waɗannan wurare da ido ɗaya bayan ɗaya.

Inda alamomi suka taru, kamar mafarin hanya mai wurin mota da banɗaki da famfo, jera su a gefe kada su danne mararrabar. Sunan hanya ya bi lanƙwasar layin, a maimaita shi bayan manyan mararraba. Dogayen hanyoyi da ke hawa kan titi na ɗan lokaci suna buƙatar alama ta biyu a bisa layin, kamar ƙananan lu'ulu'un da Ordnance Survey ke jerawa. Kada launi kaɗai ya bambanta iri biyu, akwai masu wahalar rarrabe ja da kore, don haka salon tsinkewar layin ma ya bambanta. Duk sabuwar alama ta shiga mabuɗin taswira. Buga gwaji a ainihin girmansa, ka fita da shi rana, ka miƙa wa wanda bai san wurin ba ya bi da shi, kai kana baya ba ka ce komai ba.

Mataki na 10: Miƙawa da sabuntawa

Haɗa bayanan da takardar da ke faɗin wanda ya auna, da wace na'ura, a wace rana, bisa wane tushen awo, da kimanin kuskure, da lasisi. Hukumomin taswira sun fi karɓar hanyoyi daga hannun mai kula da filin, saboda shi za a tambaya in wani abu ya faru. Ko shirin 'yan sa-kai na USGS, The National Map Corps, ya fi ba da ƙarfi ne ga gine-gine irin su makarantu, asibitoci da ofisoshin kashe gobara. In kai ɗan sa-kai ne, kai aikinka ga hukumar da ke kula da dajin ta duba ta sa hannu, ita ta tura. Kada ka yi tsammanin ganinsa a taswira mako mai zuwa, an tsara US Topo ne a kan sabunta kowane shafi duk shekara uku, wasu ƙasashen ma sun fi haka jinkiri.

Tun ranar miƙawa a san wanda zai sake duba kowace hanya da kuma yaushe. Gobarar daji, ambaliya, zaftarewar ƙasa ko sayar da fili duk suna kashe hanya cikin dare ɗaya. Rufewar 'yan watanni ba ta shiga taswirar takarda, a shafin intanet da allon bakin hanya ake sanar da ita. In an rufe hanya har abada, cire ta daga bugu na gaba, amma kada ka goge ta daga rumbun bayanai. Sa mata alamar rufewa da kwanan wata da dalili, in ba haka ba wani zai gan ta a tsohon hoton sama bayan shekara biyar, ya ɗauka mantawa aka yi, ya sake zana ta.